Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yinin Asabar A Birnin Kano

Akwai ma'aikatan gwamnati da yawa a Kano waɗanda suka shekara biyar, waɗansu ma goma, suna karɓar albashi a cikinta, amma idan aka ce su kwatanta garin, iliminsu ba zai wuce hanyar da ta tashi daga ƙofar gidansu zuwa Sakatariyar Audu Bako ko Gidan Murtala ba. Haka nan kuma ɗalibai. Yaro zai taso daga Gumel ko Daura ko Yola, ya yi shekara huɗu a Jami'ar Bayero, ya karɓi takardar shaidarsa ya koma gida, alhali kuwa bai taɓa sa ƙafarsa cikin Kasuwar Kurmi ba, ko da yake kullum motar da yake shiga ta gindin ganuwa take bi da shi.

Idan an tambaye su dalili, waɗansu su kan ce gajiyar aiki, waɗansu kuma tsadar kuɗin mota, musamman tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur. Duk wannan gaskiya ne. To, amma babban dalilin da ba a cika faɗa ba shi ne rashin abokin tafiya. Cikin birnin Kano lunguna ne bisa lunguna, mafi yawansu ba su da allon suna, abin da ake nema kuwa sau da yawa yana bayan wani zaure ne wanda baƙo zai wuce shi sau uku bai waiwaya ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Saboda haka ne waɗansu samarin ma'aikata da ɗalibai suka ɗauki wata ɗabi'a mai kyau, watau su ware Asabar ɗaya, su fita su biyu, ɗan gari da baƙo, su wuni suna zaga birni da ƙafa, suna ci, suna sha, suna leƙa shaguna. Mata ma su kan yi irin wannan fita da ƙawayensu, ko da yake tasu ta fi karkata wajen Kantin Kwari.

Asabar ta fi dacewa, domin ran Jumma'a hankalin birni yana masallaci, ran Lahadi kuwa shaguna da yawa na Sabon Gari a rufe suke. Sai dai a kiyaye Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda hukuma ta kan keɓe safiyarta don tsabtace gari.

Tafiyar ta kan fara ne daga teburin mai shayi. Ga benci biyu, ga gwangwanayen madara an jera su kamar dala, ga burodi da ƙwai, ga rediyo yana ba da labarun safe. Mai shayi ya haɗa, sa'an nan ya ɗaga kofi sama yana tsiyayawa cikin ɗaya kofin har ya yi kumfa ya huce, ba tare da ko ɗigo ya zuba ƙasa ba. A nan direba da akawu da ɗan sanda da malamin makaranta suke zama kafaɗa da kafaɗa, kowa yana ba da nasa ra'ayi game da gwamnati. Wanda ba ya son shayi, ga mai ƙosai da koko a gefe, ko waina da miya. Aikin farko na ɗan gari shi ne ya riƙe hannun abokinsa kada ya cika cikinsa tun da safe, gama abin ci yana gaba.

Tun daga watan Janairu na 2013 aka hana sana'ar acaɓa a cikin Kano, don haka abin hawan talaka shi ne babur mai ƙafa uku, wanda jama'a suka laƙaba wa suna A Daidaita Sahu, bisa sunan wani shiri na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Shi za a hau zuwa Ƙofar Mata. Daga nan kuwa sai ƙafa.

A bakin ƙofar ne marinar nan mai tarihi take, wadda aka rubuta shekarar 1498 a mashigarta. Baƙo zai ga ramuka masu zurfi, an shafe cikinsu da laso don kada ruwa ya tsiyaye, marina suna zaune bakinsu suna tsoma zane suna ɗagawa. Abin da ake haɗawa bai wuce baba da toka da katsi da ruwa ba, a bar su kwanaki su jiƙa su tsima. Abin mamaki ga wanda bai taɓa gani ba shi ne, in an ɗaga zane daga rami da launin kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sa'an nan ya rikiɗe ya zama shuɗi. Saboda haka ne marini ba ya gaggawa: tsomawa da shan iska, tsomawa da shan iska, gwargwadon duhun da mai kaya yake so. Can gefe kuma ga mabuga suna dukan riga bisa gungume har ta yi ƙyalli. Da wannan sana'a Kano ta tufatar da Buzaye da mutanen Borno da na ƙasashen hamada ƙarni bayan ƙarni.

To, amma duk mai ido zai lura cewa ramukan da ake aiki a cikinsu sun kasa waɗanda aka bari. Waɗansu sun bushe, waɗansu ƙasa ta cike su. Yadin kanti mai araha da rinin zamani sun janye masu saye. Baƙon da ya zo shi kaɗai hoto kawai zai ɗauka ya wuce, watakila ma a nemi ya biya kafin ya ɗauka. Wanda ya zo da ɗan gari kuwa za a shimfiɗa masa tabarma, a gaya masa sunan kowane zane, a nuna masa yadda matan cikin gida suke ƙulle farin yadi da zare kafin a kawo shi rami. In da hali ya sayi ko da ɗan ƙyalle ne. Da irin wannan ɗan ciniki ramukan da suka rage suke rayuwa.

Daga marina hanya ta miƙe, ta wuce Asibitin Murtala, ta kai ga babban masallacin Jumma'a, wanda aka kammala gininsa na yanzu a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ga Gidan Rumfa a jikinsa, ga Gidan Makama can gaba, inda aka adana kayan tarihi. Mai son ya shiga ya duba, sai ya tanadi sa'a guda. Amma masu wannan tafiya galibi arewa su kan karkata, su nufi Kurmi.

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa wannan kasuwa. A 1851 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya shigo ta, ya rubuta labarin yadda kayan Kano suke kai wa har Tarabulus da Tambutu. Wajibi ne kuma a faɗa, ko da ba daɗi, cewa akwai sashen da ake cinikin bayi a cikinta kafin Turawa su ci Kano a 1903. Yau dai rumfuna ne a matse, hanyoyin tsakaninsu da ƙyar mutum biyu su gifta juna, kowace sana'a da layinta. Ga dukawa da jakunkuna da takalma da titimi. Ga 'yan sirdi da linzami da likkafa da kayan adon doki, waɗanda kasuwarsu ta kan buɗe in Salla ta gabato. Ga 'yan koli, ga masu ƙwarya da ludayi, ga masu turaren wuta, ga masu saiwoyi da sassaƙe. Ɗalibi kuwa zai fi daɗewa a layin 'yan littattafai, inda allo da tawada da alƙalamin kara suke zaune kusa da Ahalari da Ishmawi da Risala.

A nan ne amfanin aboki yake fitowa fili. Ciniki a Kurmi yana da ladabinsa, wanda ba a koyar da shi a aji. Ba a fara tambayar kuɗi sai an yi sallama an gaisa, an tambayi kasuwa. In mai kaya ya ce, "Saya, Malam," to, baƙo ne zai taya. In tayin bai kai ba sai ya ji, "Albarka." Ba zagi ba ne, ba kuma kora ba ce, gayyata ce ya ƙara. Haka za a yi ta yi har mai kaya ya ce ya sallama. Baƙo ya kan yi ɗayan kuskure biyu: ko dai ya biya kuɗin farko da aka faɗa masa don kunya, ko kuma ya yi tayin wulaƙanci ya ɓata wa dattijo rai. Ɗan gari yana tsaye a gefe, ba ya cewa kome, sai dai ya ɗan taɓa abokinsa da gwiwar hannu. Wani lokaci ma kalma ɗaya ta isa. Ya ce, "Baba, baƙona ne," sai farashi ya sauko da kansa, har a ɗora gyara. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 'yan kasuwa da yawa sun koyi karɓar kuɗi ta waya, amma mai hikima ba ya shiga Kurmi ba tare da 'yan canji a aljihu ba.

Kafin azahar ƙanshin gurasa zai fara jan hanci wajen Jakara. Da garin alkama da yis da ɗan gishiri ake kwaɓa ta, a bar ta ta tashi, sa'an nan a manna ta a jikin tanderu mai zafi. Matan aure ne suke yin ta a cikin gidaje, maza su ɗauka su kai kasuwa, har zuwa garuruwan da ke nesa da Kano. In aka yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa, ta zama bandashe. Abinci ne mai arha, mai riƙe ciki, ba ya kuma bukatar cokali.

Wanda ya ci gurasa a wannan yanki, tarihi ya ci ko bai sani ba. Fataken Larabawa na Gadamas da Tarabulus sun zauna a unguwannin da ke kewaye da Kurmi, sunayen wuraren ma shaida ne. Dandalin Turawa ba Turawan Ingila ake nufi ba, domin a da Larabawa ake kira Turawa. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masauki ya samo asali, Alkantara kuwa daga kalmar gada. Girke-girken alkama da Kanawa suke taƙama da su, irin su alkaki da alkubus da gurasar kanta, ana danganta su da wannan zama. Abin takaici kawai shi ne, ko da yake ana noman alkama a Kadawa da ruwan madatsar Tiga wadda aka gama a 1974, mafi yawan fulawar da ake toyawa a ƙasar nan daga alkamar ƙetare ake niƙa ta. Don haka duk sa'ad da Naira ta faɗi, sai gurasa ta ƙanƙance a hannun mai saye.

Bayan an yi sallar azahar a ɗaya daga masallatan kasuwa, wanda bai ƙoshi ba ga garau-garau, watau shinkafa da wake da mai da yaji, ko kuwa a dama masa fura da nono ya kora. Kafin a bar cikin birni kuma ɗan gari zai ratsa da abokinsa Agadasawa, unguwar da ta yi suna wajen kilishi, a yanka masa na tsaraba. A ɗanɗana kafin a saya, haka al'adar take, mai kilishi ba ya jin haushi.

Fita daga ganuwa zuwa Fagge kamar fita ce daga wani zamani zuwa wani. Ita ganuwar, wadda aka fara gina ta zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, a wurare da yawa sai an nuna wa baƙo inda take sa'an nan zai gane, gama ruwan sama ya zaizaye ta, masu gini sun ci gefenta. Fagge kuwa a da zangon ayari ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ciniki ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku. Gyaɗa ta zama sarauniya, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, Kwarori kuma, watau mutanen Lebanon da Siriya, suka kafa kantunansu a wannan yanki. Daga cikin waɗannan kantuna Kantin Kwari ya tsiro, kasuwar da 'yan Nijar da Chadi da Kamaru suke zuwa sarin atamfa da shadda da leshi. Cunkoson wurin ba ya misaltuwa, 'yan dako suna ta kiran a ba su hanya. Duk wanda ya karanta tambarin da ke jikin bandiran yadi zai ga mafi yawansu daga ƙasar Sin suka zo, alhali masaƙu da yawa na Bompai da Sharaɗa da Challawa sun daɗe da yin shiru. Wanda ba shi da niyyar haɗa lefe, rabin sa'a ya ishe shi a nan.

Sabon Gari, wanda aka kafa wajen 1913 don ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, yana da nasa teburin. A can ake samun sakwara da miyar agushi, da amala, da farfesun kifi. Babbar kasuwarsa ta yi mummunar gobara a watan Maris na 2016, dubban shaguna suka ƙone, amma ta sake tashi. Ɗan birni da yawa bai san Sabon Gari ba kamar yadda ɗan Sabon Gari bai san birni ba, don haka a wannan zango wani lokaci baƙon ne yake zama jagora.

In la'asar ta yi, ƙafa ta gaji, sai a nemi abin da zai wartsakar da jiki. Nan fa maganar gahawa ta taso. Gaskiyar magana ita ce Kano garin shayi ne da goro. Tun kafin a san kofin tangaran a ƙasar Hausa, fatake suke tafiyar watanni zuwa Gwanja su ɗauko goro, sinadarin da ke hana barci a cikin goro kuwa shi ne dai ke cikin gahawa. Dattijon da ya ɓare goro bayan cin abinci, da Baturen da ya ɗaga kofinsa, bukata ɗaya suke biya. Ga yawancin jama'a, in an ce kofi, to, garin Nescafé ake nufi, wanda mai shayi ya kan ɗiba da bakin cokali ya zuba wa ɗalibin da jarrabawa ta matso, ko direban da zai yi tafiyar dare.

Gahawa ta ainihi daban take. Asalin itacenta ƙasar Habasha ne, mutanen Yaman suka fara mai da ita abin sha na yau da kullum, sunanta ma daga Larabci Hausa ta aro shi. Ana soya 'ya'yanta, a daka, a tafasa, waɗansu su ƙara citta da kanumfari, a zuba cikin 'yan ƙananan kofuna, a sha da dabino saboda ɗacinta. Alhazai da waɗanda suka zauna Sudan ko Makka su suka fi saba wa da ita, a gidajensu da majalisunsu aka fi samunta. Ita ma sai da ɗan gari, domin ba kowane teburi ake dafa ta ba. A ƙasar nan ma ana noman gahawa da ganyen shayi a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, ko da yake abin da ake samu bai taka kara ya karya ba in an gwada da abin da ake shigowa da shi.

Akwai kuma sababbin gidajen shan gahawa da suka buɗe a unguwannin Nasarawa da Bompai, masu na'urar sanyaya ɗaki da injin tatsar gahawa da intanet, inda samari da 'yan mata su kan zauna da kwamfutocinsu. Wurare ne masu tsabta da natsuwa, sun kuma ba mata wurin zama wanda bencin mai shayi bai taɓa ba su ba. Wannan abin yabo ne. Sai dai kofi ɗaya a can ya kan ci kuɗin karin kumallon mutum biyu a bakin titi, ƙaramin ma'aikaci kuwa, wanda dokar 2024 ta tsayar masa da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000, dole ya yi lissafi kafin ya tura ƙofar gilashi. Ban da haka, a irin waɗannan wurare kowa fuskarsa tana kan wayarsa, ba mai tanka wa wani. Abokai biyu da suka wuni tare ba za su rasa abin faɗa wa juna ba, amma wanda yake son jin abin da gari yake ciki, sai ya koma wajen Buzu mai 'yar butarsa a kan gawayi, wanda ke dafa shayi zubi uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, ba ya kuma yarda a hanzarta shi.

A bisa wannan zama ne ake yin hirar da ofis ba ya ba da damarta. Mutum biyu za su shekara suna gaisawa a bakin matakala, kowa da fayil a hammata, ba wanda ya san sunan mahaifin wani. Amma in suka raba gurasa ɗaya, suka ɓata a lungu ɗaya, aka yi musu dariya tare a wajen ciniki, to, ran Litinin gaisuwarsu ta sake. Kuɗin da za su kashe, in an cire tsaraba, mafi yawansa na abin hawa ne, al'ada kuwa ita ce ɗan gari ya biya abinci, baƙo ya yi ta rantsuwa sai shi zai biya, a ƙarshe a bar masa kuɗin shayi.

Masu sauran ƙarfi su kan hau Dutsen Dala kafin magariba, su hango inda suka bi tun safe: hasumiyoyin masallaci, rufin Kurmi, da Goron Dutse can yamma. Waɗanda gwiwarsu ta ƙi kuwa su kan tsaya wajen mai tsire, daidai lokacin da ya kewaye wuta da tsinkayensa, a yanka musu da albasa da yaji a takarda.

Yini ɗaya dai ba ya ƙure Kano. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana kan hanyar Katsina, ta 'yan goro tana Mariri a hanyar Maiduguri, ta 'yan lemo tana Na'ibawa a hanyar Zariya, kowacce kuwa sai an ba ta safiyarta. Wanda marinar Ƙofar Mata ta burge shi, sai ya roƙi abokinsa su sa wata Asabar su tafi Kura, inda ake rina turkuɗin da Buzaye suke naɗawa.